Ku Tambayi Malam Inuwa: Waya da Ƙuri'ar Zango

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata kusan duk a kan abu guda suke, wato waya da siyasa, don haka na haɗa su wuri ɗaya, na kuma rage tsawon wasu saboda fili. Ga waɗanda yau suka fara karanta wannan shafi, ni malamin sakandare ne a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, haifaffen Aboabo, kuma na sha yin aikin wucin gadi a rumfar zaɓe.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Jikata ce ke rubuta mini wannan. Gab da zaɓen 2024 an turo wani saƙon murya a guruf ɗinmu na adashi. Wani mutum ne ke magana da Hausa tsantsa, yana cewa na'urar da ake sa yatsa tana nuna wanda mutum ya zaɓa, wai an haɗa ta da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, duk ɗan zangon da ya zaɓi ɓangare kaza za a ce ba ɗan ƙasa ba ne. Mata da yawa a layinmu ba su fita ba ranar. Ni na fita, amma gabana na faɗuwa, don ina da wayo lokacin Busia. Yanzu ga saƙon ya sake dawowa. Gaskiya ne?
Hajiya Rabi mai hatsi, Aboabo

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba gaskiya ba ne. Ina so jikarki ta karanta miki wannan a hankali, ke kuma ki maimaita wa matan layinku.

A zaɓen 2012 aka fara aiki da na'urar nan. A shekarar ta ba da wahala, har a wasu rumfuna sai da zaɓe ya kai kashegari, amma tun daga lokacin aikinta ɗaya ne: ta duba yatsanki, ko fuskarki tun daga 2020, ta tabbatar ke ce mai sunan da ke cikin rajista, kuma ba ki riga kin jefa ƙuri'a ba. Da ta yi haka ta gama da ke. Bayan nan ne ake yago miki takarda, a buga mata hatimi a baya, ki shiga bayan kwali ke kaɗai, ki dangwala, ki ninke, ki jefa. Takarda ce da tawada, babu abin da ya haɗa akwatin da na'urar. Ƙarfe 5 na yamma in layi ya ƙare, a nan gaban kowa ake zazzage akwati a kan tebur, a ware, a ƙirga da babbar murya, wakilan jam'iyyu suna tsaye, yara sun hau katanga suna tayawa. Na riƙe takardun nan da hannuna, a cikinsu akwai na maƙwabtan da muka tashi tare, kuma wallahi ban taɓa iya cewa wannan ta wane ce ba. Sashe na 49 na kundin tsarin mulkin 1992 shi ya ce a asirce ake zaɓe, shi ya kuma ce a ƙirga a rumfa, a sanar a rumfa. Ghana Card kuwa shaida ce da ake nunawa ranar yin rajista, kamar fasfo, ko mutum biyu masu rajista da za su tsaya wa mutum.

Faɗuwar gabanki dai ban raina ta ba. A 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Ni ina goye a lokacin, amma mahaifiyata har ta rasu tana lissafa gidajen layinmu da sunayen waɗanda suka tafi: wannan na mutanen Kano ne, wancan na Yarabawa masu atamfa, an sayar da shi a kuɗin da bai kai na ƙofofinsa ba. Cikinsu akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su san kowa ba a inda aka ce su koma. Wanda ya ɗauki saƙon nan ya san wannan tabo sarai. Shi ya sa ya yi shi da Hausa, shi ya sa kuma ya bi da shi ta guruf ɗin adashi, inda duk abin da ya shigo daga hannun 'yar'uwa yake shigowa. Ki kuma lura bai roƙi ƙuri'ar kowa ba. Mata sun zauna a gida, buƙatarsa ta biya, domin ƙuri'ar da ba a jefa ba ita ma akwai wanda take yi wa amfani.

Game da zama ɗan ƙasa, sashe na 6 na kundin ya ce wanda yake ɗan ƙasa kafin kundin ya fara aiki yana nan a matsayinsa, wanda aka haifa bayan nan kuwa, a cikin Ghana ko a waje, ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Babu inda aka ambaci jam'iyyar da mutum ya zaɓa. Na san koken da 'yan zango suka daɗe suna yi, cewa wurin rajista akan tsare mutum da tambayoyi saboda sunansa ko harshensa. Koke ne mai tushe, kuma akwai inda ake kai shi: ɗan majalisar unguwa, Sarkin Zango, ko ofishin CHRAJ mai kare haƙƙin jama'a. Ƙin fita zaɓe ba ya magance shi, sai ma ya rage mana nauyi a idon masu neman ƙuri'a.

Abin da ke tona asirin ƙuri'a a yau yana cikin aljihun mai zaɓen kansa. Akan ce wa yaro ya ɗauki hoton takardarsa bayan ya dangwala, ya turo, a sa masa kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Hukumar zaɓe ta hana wannan, ki ja kunnen jikokinki a kai.

In saƙon ya sake shigowa, ki sa a duba samansa. Idan akwai kibiya biyu, alama ce ya bi hannaye da yawa kafin ya iso, wadda ta turo ba ta san mai muryar ba. Ki tambaye ta a cikin guruf ɗin, da muryarki: wane ne wannan, a wane gari yake, a ina ya ji? Ke da aka sani, aka san rumfarki a kasuwa, maganarki ta minti ɗaya ta fi wannan shafi nawa isa kunnen matan nan.

Tambaya: Baba Malam, don Allah kada a sa sunana. Na gama sakandare, babu aiki. Wani babban yaya a bes ɗinmu, wato majalisar da muke zama, yana sa mana data duk mako, wani lokaci da ɗan kuɗi ta MoMo, mu kuma mu riƙa yaɗa abin da ya turo a Facebook da TikTok da guruf-guruf. Ina da shafi 4, ɗaya da sunan mace. Wasu abubuwan na san gaskiya ne, wasu ban sani ba. Abokina ya ce za a iya kama ni, ni kuma ina ganin ai kamfen ne kawai, kowa na yi.
Wani matashi, Sawaba

Amsa: Ɗana, na gode da ka faɗi gaskiya, musamman maganar shafin macen. Tallata ɗan takarar da kake so da sunanka da fuskarka haƙƙinka ne. Masu kiran gidan rediyo kullum safiya sun daɗe suna yi tun kafin ka san waya. Wuri biyu ka kauce. Shafi 4 na mutum ɗaya yaudara ce, domin manufarsa a ɗauka mutum 4 ne suka yarda da magana alhali kai kaɗai ne, kuma matan da suka amince da waccan "'yar'uwa" har suka buɗe mata cikinsu, ka ci amanarsu. Na biyu shi ne tura abin da ba ka sani ba. Hukuncinsa a addini ka tambayi limaminku, amma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Abokinka yana da gaskiya. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, zamanin Kufuor, amma sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 yana nan, mai hukunta yaɗa labarin ƙarya da zai tsorata jama'a ko ya ta da hankali. Akwai kuma sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008, kan aika ƙarya ta na'ura wadda za ta jefa wani cikin haɗari, kuma ɗaurinsa kan kai shekara 5. Ni kaina ba na jin daɗin yadda aka yi amfani da waɗannan sassa wajen kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati, ina tare da masu cewa a gyara su. Amma ka tuna da Ghana Card ɗinka aka yi wa layinka rajista. In an bi sawu, ƙofar gidanku za a zo. Babban yayan da ya turo maka bai sa komai a shafinsa ba, wanda ya ba shi kuɗin kuwa ko sunansa ba ka sani ba.

Kada ka ɗauki wannan rashin sani da wasa. A Maris 2020 tashar CNN ta bankaɗo wani gida a bayan garin Accra inda aka tara matasa 'yan Ghana, aka ba su wayoyi, suna rubutu a Facebook da Instagram da Twitter kamar su baƙaƙen fatar Amurka ne, suna hura wutar bambancin launi a shekarar zaɓen can. Da sunan wata ƙungiya mai zaman kanta aka ɗauke su aiki. Facebook ya rufe asusu 49 da shafi 69 da asusun Instagram 85, ya ce igiyar ta kai har Rasha, Twitter ma ya rufe 71. Jami'an tsaro sun shiga gidan sun kwashe wayoyin. Yaran nan neman abinci suka fita, kamar kai.

Ka goge shafi 3, ka bar mai sunanka. Duk abin da aka turo, ka tambayi yayan naka daga ina ya fito. In tambayar ta ɓata masa rai, kada ka tura. Kuma wanda ya iya yanka bidiyo da tara mabiya, masu shaguna a Adum da Kejetia suna neman irinsa duk wata, ba sai shekarar zaɓe ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta kimiyyar siyasa. Ina so in yi binciken kammala digirina kan yadda kafofin sada zumunta ke shafar zaɓe a zangunan Kumasi. An ba ni shawara in tattaro rubuce-rubucen X, wato tsohon Twitter, na lokacin zaɓen 2024, in ƙirga wanda aka fi yabo da wanda aka fi zagi. Hankalina bai kwanta da hakan ba, amma na rasa dalili. Ta ina zan fara?
Samira, Asawase

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ta faranta mini rai ƙwarai, na daɗe ina jiran 'yar zango ta ɗauki wannan aiki. Dalilin da hankalinki bai kwanta ba shi ne mu aka bari a waje. Ki leƙa gidanku ki ƙirga masu X. Mahaifiyarki, kawunki mai tuƙa keken haya na pragya, malamin makarantar dare, Hajiyar da na amsa wa a sama, duk siyasarsu a WhatsApp take, da murya, da Hausa, wani lokaci a gauraye da Twi ko Dagbani. Samari da 'yan mata suna TikTok da Facebook. X dandalin 'yan jarida ne da 'yan boko da 'yan siyasa, da Turanci. Yana da tasirinsa, daga can #FixTheCountry ta taso a Mayu 2021 har ta kai ga zanga-zanga a titunan Accra a 4 ga Agusta, amma wanda ya ƙirga X ya ce ya auna Aboabo bai auna ta ba. Ga kuma tsada: tun 2023 X ya sa kuɗi a kan hanyar da masu bincike ke ɗibar bayanai kyauta, kamfanin Meta kuma ya rufe CrowdTangle a Agusta 2024, manhajar da 'yan jarida ke bin yaɗuwar labari da ita.

Kafin ki fita, ki rage tambayarki. Mazaɓarku tun da aka ƙirƙire ta a 2004 jam'iyyar NDC ke cinta, a tsakiyar yankin Ashanti da jam'iyyar NPP ta fi ƙarfi, alhali WhatsApp sai 2009 aka kafa shi. Ke nan inda zango ya karkata ya girmi babbar waya. Tarihi ne ya kai shi, da 1969 a ciki, da zamanin Rawlings wanda ya kafa NDC. In kika je neman waɗanda saƙon waya ya sa suka sauya jam'iyya, kaɗan za ki samu, kuma ba a nan kaɗai haka take ba. A 2023 an wallafa sakamakon wani babban gwaji da malaman jami'o'in Amurka suka yi tare da Meta a lokacin zaɓen 2020. An sauya wa dubban mutane tsarin da Facebook da Instagram ke jera musu labarai har wata 3. Abin da suke gani ya canza, lokacin da suke ɓatawa a kai ya ragu, amma ra'ayinsu na siyasa bai wani motsa ba.

Sai ki nemi inda motsin yake. Dubi alƙaluman hukumar zaɓe. A 2020 Akufo-Addo na NPP ya sami ƙuri'a miliyan 6.7, Mahama na NDC miliyan 6.2. A 2024 Mahama ya ci da sama da kashi 56 cikin 100, amma ƙuri'unsa ba su ƙaru sosai ba. Na NPP ne suka zubo ƙasa da miliyan 5. Fitowar masu zaɓe ta sauko daga kusan kashi 79 zuwa kashi 60 da 'yan kai. Waɗanda suka zauna a gida sun yi nauyi ƙwarai a wannan sakamako. To me ya zaunar da su? A nan za ki yi taka-tsantsan, domin mai binciken waya yakan so ya ɗora wa waya komai. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54. A Mayu na shekarar aka kawo harajin E-Levy, wanda a lokacin yake cin kashi 1.5 na kuɗin da ake turawa ta MoMo in ya haura sidi 100 a rana. Matar da ke awon olonkar masara kullum ba sai TikTok ya gaya mata ana tsada ba. Abin da za ki iya tambaya shi ne wa ya nuna wa mai fushi inda zai sauke fushinsa, wa ya ce masa fita ka rama, wa kuma ya ce duk ɗaya suke, yi zamanka. Wannan tambaya ce da ɗaliba ɗaya za ta iya amsawa a unguwa ɗaya kafin zangon karatu ya ƙare.

Da ni ne, ga yadda zan yi. In zaɓi bes biyu na samari, da guruf ɗin mata na adashi ko na biki, da majalisar dattawa ta ƙofar masallaci. Ki je da ƙafarki, tare da babban da zai gabatar da ke, ki gaida magajiya, ki karɓi ataya in an miƙo. Kada ki fara da "wa kuka zaɓa". Ki ce a nuna miki saƙo ɗaya na siyasa da har yanzu ake tunawa, sai ki bi shi baya, hannu bayan hannu: wa ya turo miki, shi kuma wa ya turo masa, har inda igiyar ta tsinke. Sannan ki bi shi gaba, domin a nan aikinki zai fi na kowa. Yaro ya gani a TikTok, ya kunna a bes, mai shayi ya ji ya faɗa wa direba, da safe wani ya kira gidan rediyo ya maimaita da Hausa, kafin azahar tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba tana ba da labarin, tana cewa rediyo ne ya faɗa. Masu binciken da suka yi aiki a arewacin Ghana bayan zaɓen 2016 sun rubuta irin wannan, yadda labarin intanet ke isa ga wanda ba shi da intanet. A Kano ma an yi nazarin WhatsApp a zaɓen 2019, da rawar da sojojin baka suka taka. Ki nemi waɗannan ki karanta, su ne maƙwabtan aikinki.

Ki riƙe wannan kuma: kamfanonin nan ba sa jin mu. Saƙon WhatsApp a kulle yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya saurare. Twitter ya sanar a Afrilu 2021 cewa a Accra zai buɗe ofishinsa na farko a Afirka, a Nuwamba 2022 ya sallami kusan dukan ma'aikatan. GhanaFact da Dubawa da Fact-Check Ghana suna ƙoƙari wajen bin labari da tantance shi, sai dai galibin aikinsu rubutu ne da Turanci, ƙaryar da ta dame mu kuwa da murya take yawo. Binciken nan na jami'ar MIT na 2018 da kowa ke ambato, wanda ya gano ƙarya kan isa ga mutum 1,500 cikin sauri ninki 6 na gaskiya, a Twitter aka yi shi, da Turanci. Ki ambace shi, amma ki faɗa a fili cewa bai auna saƙon murya na Hausa ba. Wanda zai auna wannan sai mai jin habaici, wanda ya san su wa ake nufi in an ce "mutanenmu", wanda zai iya bambance wa'azi da kamfen da aka naɗa wa rawani. A 2024, da Musulmi ya tsaya wa ɗaya daga manyan jam'iyyu biyu takarar shugaban ƙasa karon farko, maganar addini ta shiga saƙonni ta kowane ɓangare. Wannan kaɗai ya ishe ki babi guda.

Sai amana. Kada ki shiga guruf a ɓoye. Ki nemi izinin mai kula da shi da na mutanen ciki, ki faɗa musu abin da za ki yi da abin da kika ji. Kada sunan kowa ko lambarsa su shiga takardarki. Dokar kare bayanai ta 2012 ta hau kanki ke ma. Abin da ya rusa kamfanin tallan siyasa na Cambridge Analytica a 2018 bayanan mutane ne har miliyan 87 da aka kwasa daga Facebook ba da saninsu ba, kuma wani malamin jami'a ne ya buɗe ƙofar da manhajar tambayoyi. Zango ƙarami ne, in kika rubuta "wani mai shayi kusa da masallacin Juma'a" kowa ya san shi. Kuma kada ki bari a gane inda ke kanki kika karkata, in ba haka ba rabin mutanen za su rufe miki baki.

Don ki sami abin kwatantawa, Afrobarometer, mai hedikwata a Accra, tana sa sakamakon tambayoyinta a intanet kyauta, har da inda mutane ke samun labari, ga kuma rahotannin CODEO masu sa ido a zaɓe. In kin gama, ki rubuta taƙaitawa da Hausa ki aiko mana, ki kuma koma ki karanta wa waɗanda suka ba ki lokacinsu.

Tambaya: Malam, wai da gaske ne yanzu ana iya haɗa muryar mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba? An turo mana muryar wani babban malami yana cewa a zaɓi wane.
Mariyama tela, Yalwa

Amsa: Da gaske ne, ƙanwata. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya kwaikwayon murya daga ɗan guntun magana. A Janairu 2024 an kira dubban mutane a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Biden ta bogi, ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. Amma abin da na fi gani a nan ya fi wannan sauƙi: tsohon wa'azi ake yankewa, a cire farko da ƙarshe, a liƙa masa hoton ɗan takara. Malami yana da gida da almajirai da masallaci. A aika a tambaya, ko a nemi cikakken karatun, kuma kafin amsa ta dawo kada ki tura.

Tambaya: Malam Inuwa, ni tsohon direba ne, na yi shekaru ina jigila tsakanin Kumasi da Bawku, na ga abin da jita-jita ke yi wa gari. Me zai hana gwamnati ta rufe Facebook da WhatsApp kwana 3, jajibirin zaɓe da ranar da kashegari, kowa ya huta?
Alhaji Sule, Tafo Zango

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe. Wanda ya bi hanyar Bawku ba a koya masa tsoron fitina, kuma na fahimci abin da kake gudu. Amma ban goyi bayan rufewa ba, ko na awa ɗaya.

An taɓa kawo wannan shawara a nan. A Mayu 2016 Sufeto Janar na 'yan sanda John Kudalor ya ce suna duba yiwuwar toshe kafofin a ranar zaɓe. Jama'a suka yi ca, Shugaba Mahama ya ce ba za a rufe ba, aka yi zaɓe, gwamnati mai ci ta faɗi, ta miƙa mulki lafiya. Ka duba a hannun wa makullin zai kasance: mai rufewa gwamnati ce, gwamnati kuwa tana cikin takara. A Uganda an kashe intanet baki ɗaya a jajibirin zaɓen Janairu 2021, aka sanar Museveni da ke mulki tun 1986 ya sake ci, 'yan adawa suka ƙi yarda, kuma babu abin da za a nuna musu su gamsu. A Najeriya an toshe Twitter wata 7 daga Yuni 2021, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Buhari.

Ka tuna kuma 31 ga Janairu 2019, zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, da wasu masu rufe fuska suka yi harbi kusa da rumfar La Bawaleshie, aka mari ɗan majalisa a bainar jama'a. Bidiyon ya zaga ƙasa a ranar, shi ya sa ba wanda ya iya cewa ba a yi ba. Aka kafa kwamitin bincike na Emile Short, a shekarar kuma aka yi dokar haramta ƙungiyoyin daba na jam'iyyu. Su wa ake yawan ɗiba a aikin daban nan, Alhaji? Yaranmu ne. Haka a Ejura a Yuni 2021, da aka harbe mutum 2 cikin masu zanga-zanga, hotunan da suka bazu sun taimaka wajen sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike. In waya a toshe take, talaka ba shi da abin da zai nuna.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ranar zaɓe shi ne sakamakon bogi da ke fara yawo tun kafin magariba, ana cewa mun ci, ku fito ku kare ƙuri'arku, samari su nufi wurin tattara sakamako. A 2020 an rasa rai 8 a rikicin zaɓe, wasu a wurin tattarawa na Techiman ta Kudu. Maganin wannan a wurina takardar sakamakon nan ce mai ruwan hoda, wadda wakilai ke sa wa hannu a kowace rumfa, kowa ya karɓi kwafinsa. A kanta aka shafe wata 8 ana shari'a a Kotun Ƙoli bayan zaɓen 2012, ana nunawa kai tsaye a talabijin, har aka yanke hukunci a 29 ga Agusta 2013. Yanzu wakili kan ɗauki hotonta ya tura wa jam'iyyarsa cikin minti ɗaya. Da lissafin jam'iyyarsa na cikin gida ne Bawumia, ɗan takarar NPP, ya fito da safiyar 8 ga Disamba 2024 ya amsa shan kaye, ya taya Mahama murna, tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba. Maganar nan ta safe ta kwantar da hankalin mutane da yawa, kuma da layuka a toshe suke da ba ta zo da wuri haka ba.

In an turo maka sakamako ranar zaɓe, ka ce a nuna hoton takardar, da sunan rumfa da lambarta da sa hannun wakilan ɓangarorin. Na rumfar unguwarku kuwa ba sai an turo ba. Ƙarfe 5 ka sa a ɗaukar maka kujera ka je, ba a hana kowa zama daga ɗan nesa ya ji ƙirga, kuma samari sun fi natsuwa in sun ga dattijo a wurin.